Wutsiyar da Mai Faci Ya Yanka Min

Shan inna ta kama ni ina da shekara huɗu, ta bar min ƙafar hagu siririya, ta kuma fi ta dama gajarta. Haka na tashi a unguwar Sabo ta Ibadan, ina tafiya ina dafe da gwiwa. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni a gidanmu, amma kuma ba wanda ya taɓa aikena inda ake bukatar sauri. Baba yana saukar da fataken goro, zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi daga Arewa. Yayana shi ne mai fita, da farko ƙauyukan Yarbawa yake bi yana sayo goro, daga baya Baba ya tura shi Gabas ya riƙe masa rumfa a can. Ni aikina zama ne. A zube goro a tabarma, in tsince wanda sankara ta ci, in ware fari da ja, in jera a kwando da ganye. Na kai shekara ashirin da ɗaya ina wannan aiki.

Baba ya saya min keke, wanda ya zama ƙafata. Hanyoyinmu duk duwatsu ne, taya ba ta mako biyu ba ta sace ba, shi ya sa na saba da wani mai faci da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro a Mokola. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, zai yi shekara arba'in. Daga Gabas ya fito, can bakin teku inda ya ce ba a zuwa gidan maƙwabci sai da kwalekwale. Ya yi zaman Lakwaja yana saurayi, can ya koyi Hausa, kuma yana jin ta sosai, sai dai yakan ce wa namiji "ke" in magana ta yi masa sauri. Ina ce masa Oga. Shi kuma tun zuwana na uku ya fara ce min abokina.

Wata rana yana danna tub ɗin kekena cikin rabin duro na ruwa yana neman inda iska ke fita, sai ya dubi ƙafata kai tsaye, abin da mutane ba sa yi.

"Abokina, ka iya ruwa?"

Na yi dariya na ce, "Oga, ni da ko ƙasa ban gama iyawa ba?"

"Ruwa ba ruwansa da ƙafa," in ji shi. "Zo ran Lahadi da safe, ka raka ni Eleyele. Ka zauna a bakin ruwa kawai ka yi kallo."

Ashe duk Lahadi yana zuwa tafkin. Lokacin da aka tare ruwan an bar itatuwa a ƙasa, tarun masunta yakan maƙale a kututture, shi kuma yana yin nutso ya kwance musu, su ba shi kifi. Na zauna a kan dutse na ga ya ja numfashi ya shige. Na jira har na fara leƙa fuskokin masuntan ko zan ga tsoro, amma hira kawai suke yi. Da ya ɓullo bai ko yi haki ba.

Lahadi ta biyu ya sa min tub ɗin babbar mota a ƙugu ya tura ni ciki. Wata biyu muna haka. Na koyi kwanciya a kan ruwa, na koyi jan ruwa da hannu, amma ƙafafu sun ƙi. Ta dama tana bugawa, ta hagu tana reto a baya, sai in riƙa zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Masunta suna dariya. Na ce masa na haƙura.

Da na kai masa keke a tsakiyar makon sai ya ce in cire takalmi. Ya haɗa ƙafafuna biyu a kan kwali ya zana su da alli. Ya ce da yana aiki a tashar jiragen ruwa ya ga wani Bature yana nutso da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, kowace ƙafa da nata.

"Naka guda ɗaya zan yi," ya ce. "Ƙafa biyu a gida ɗaya. Mai ƙarfi ta ɗauki marar ƙarfi."

Ya yanko gefen tayar babbar mota, ya fere ta da wuƙa har ƙarshenta ya yi laushi, ya sa siririn katako a tsakiya don kada ta lanƙwashe, ya yi aljihu biyu da robar tub ya manne da sholisho, ya ɗinke da waya. Aljihun hagu ya cusa masa soso saboda gajartar ƙafar. Da ya gama, abin ya yi kama da wutsiyar babban kifi, kuma wutsiya muka riƙa ce mata.

Ranar da na fara sa ta na ɗauka ajalina ne ya zo. Mutumin da bai yarda da ƙafafunsa a sake ba, sai ga shi an ɗaure su wuri guda an ce ya shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa. Ina shiga jikina ya nemi ya buɗe ƙafa, ya ji ba hali, sai na rikice, na sha ruwa, na damƙi wuyan Oga. Ya fizge, ya zagayo ta bayana ya tallafe min haɓa har na dawo hayyacina.

"Cire min," na ce.

"Zan cire. Amma kwanta tukuna, kada ka yi komai. Ka ga ta nutsar da kai?"

Ba ta nutsar da ni ba. Roba ce da katako, a saman ruwa take. Ranar nan iyakar abin da na koya ke nan.

Sabawa ta ɗauki lokaci mai tsawo. Kuskurena na farko shi ne lanƙwasa gwiwa in yi harbi kamar jaki. Sai ruwa ya fantsama, ni kuma ina nan inda nake, cinyata ta dama tana zafi. Oga yakan sa tafin hannunsa a ƙirjina ya ce daga nan motsi ke farawa, ba daga gwiwa ba. Ya ce in miƙe hannuwa a saman kai, in haɗa su, in danna ƙirji ƙasa, in bar abin ya bi ta ciki, ya bi ta ƙugu, ya isa wutsiya da kansa. Ya kamo tarwaɗa daga kwalekwalen wani masunci ya sake ta a ruwa marar zurfi ya ce in kalla. Na kalla, na gane da ido, amma bayana ya ƙi ganewa. Shekara goma sha bakwai ina tafiya a karkace, ƙashin bayana ya san hanya ɗaya kawai.

Robar ta cinye min idon sawu har ya yi gyambo. Matar Oga ce ta ba ni tsofaffin safar mijinta, na riƙa sa biyu-biyu. Jijiyar ƙwaurina takan ɗaure a tsakiyar ruwa, sai in kwanta rigingine Oga ya riƙe wutsiyar ya tanƙwara ta sama har ta saki. Ran Litinin kuma in zauna a gaban goro ƙuguna yana ciwo, in riƙa gyara zama. Inna ta ce ko basir ne, ta haɗa min jiƙo, na sha. A gida na ce musu ina zuwa koyon gyaran keke ne.

Cikin damina ta biyu abin ya zo. Ban san me na canza ba. Na danna ƙirji kamar kullum, sai na ji motsin ya bi bayana ya wuce har ƙarshen robar, ruwa ya tsage a gabana. Na sake, ya sake. Da na ɗago kai na ga Oga can baya, yana iyo yana ƙoƙarin cim mini. Tunda nake ban taɓa barin wani a baya ba. Na kama gefen wani kwalekwale na tsaya.

Daga nan muka shiga nutso. Ya ɗaure igiya a jikin tub, ya sa dutse a ƙarshenta, ya yi ƙulli a kowace gaba, wato tsawon hannu biyu a buɗe. Ya koya min in kwanta a kan ruwa in yi numfashi a hankali kamar mai shirin barci, kada in yi haki don in tara iska. Ya koya min toshe hanci in hura kaɗan tun kafin kunne ya fara ciwo. Kuma ya kafa min doka: in ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana sama yana kallon igiya. Ba a shiga tare, ba a shiga in ba kowa.

Ruwan Eleyele kore ne daga sama, ƙulli biyu sai ya koma ruwan ƙasa, ƙulli uku sai sanyi ya kama mutum kamar ya shiga wani ɗaki. Ba a jin komai sai bugun zuciya. Can ƙasa na fi jin daɗi. Ba wanda ke kallona, ba dama ba hagu, jikina guda ɗaya ne. Ranar da na taɓo ƙasa na damƙo laka na kawo masa, ya shafa ta a goshina yana dariya, muka je gidansa matarsa ta yi mana farfesun kifi mai barkonon da ya sa ni hawaye. In lokacin azahar ya yi yakan shimfiɗa min buhu a ƙarƙashin bishiya, ya koma gefe ya jira.

Sai ƙasa ta rikice. Sojoji suka karɓi mulki, aka kashe manya, bayan wata shida wasu sojojin suka kashe waɗancan. Labari ya riƙa zuwa na abin da ake yi wa mutanen Gabas a garuruwan Arewa, sannan na abin da ake yi wa namu a Gabas. A zaurenmu rediyo ba ya mutuwa. Mu kanmu a Sabo ba mu san matsayinmu ba, don a gari an fara cewa 'yan Arewa su koma gida. Wata ranar Laraba yayana ya sauka daga mota da riga ɗaya a jikinsa, hannunsa a naɗe da tsumma. An ƙona rumfar, abokin zamansa kuma bai fito ba. Ya daina magana sosai, in kuma ya yi, ba mai daɗi ba ce.

Na daina zuwa Eleyele. Ba wanda ya hana ni. Na ji dai yadda ake magana a zaure, na ji tsoron a ce ga wanda nake yini da shi. Oga ba ƙabilar da ake ta ambata ba ne, amma a lokacin ba mai tantancewa, duk wanda ya fito daga can ɗaya ne. Ban aika masa ba, ban je na ce masa ga dalili ba. Tayata ta sace na kai wa wani Bayarabe a Dugbe, ko da yake ya fi nisa, don kada in bi ta gaban mangwaron.

Lahadi biyar suka wuce. Ranar wata Alhamis bayan la'asar muna zaune a zaure, Baba da yayana da fatake kamar shida, ni ina gefe ina tsintar goro, sai na ji sallama da muryar da na sani. Oga ne tsaye a bakin ƙofa, da wani abu a naɗe cikin buhu a hammatarsa. Ya rame. A kwanakin nan mutumin Gabas bai shiga Sabo haka kawai, na kuma san ya san da haka.

Baba ya amsa sallama ya ce, "Bismilla, shigo. Wa kake nema?"

"Na zo wurin abokina ne," ya ce, yana nuna ni.

Yayana ya juyo ya dube ni. "Abokinka ne?"

Ban ɗaga kai daga kan goro ba. Na ce, "Mai faci ne, Yaya. Keke nake kai masa."

Ba ƙarya na yi ba, kuma wannan ya fi damuna har yau, don na zaɓi gaskiyar da za ta fitar da ni ne. Baba ya sa aka kawo ruwa a moɗa, ya nuna masa tabarma, ya ce, "Zauna mana. Akwai abin da za mu yi maka?"

Oga ya karɓi ruwan ya kurɓa a tsaye. Ya dube ni, ina jin idonsa a ƙeyata.

"Babu, Baba. Saƙonsa ne na kawo."

Ya ajiye buhun a jikin bango, ya yi godiya, ya fita. Na ji takunsa har ya sha kwana. Ina da keke a jingine a ƙofar gida, da na hau da na cim masa kafin ya kai masallaci. Na ci gaba da ware fari da ja.

Washegari da hantsi, bayan fatake sun fita, Baba ya kira ni ya ce in kawo buhun. Na kwance a gabansa. Sabuwar wutsiya ce, ta fi ta farko tsawo da laushi, ya liƙa mata ƙyalle mai taushi daidai inda tsohuwar ke cin idon sawuna. Baba ya juya ta a hannunsa.

"Wannan ce kake sawa a ruwan?"

Na ɗago a firgice.

"Wani mai kawo mana ganye ya gan ka tun bara," ya ce. "Ya ce min ɗanka gurgu yana tsere da kwalekwale. Na so in je in gani da idona, sai na ce bari ka gaya min da kanka." Sannan ya ce, "Mutumin nan ba don roba ya shigo Sabo ba. Da magana a bakinsa. Da ka ce naka ne, da ya faɗa. Ina da direbobin da ke bin hanyar Benin, da na sa an kai shi da iyalinsa cikin kaya ba wanda zai tare su."

"Na ji tsoron Yaya ne, Baba."

"Yayanka ciwo ke damunsa. Gidan nan nawa ne. Tashi ka je ka nemo shi."

Na hau keke na tafi Mokola. Rabin duron yana nan a ƙarƙashin mangwaro da ruwa a ciki, amma ba famfo, ba akwatin kayan aiki. Iya mai sayar da amala a gefe ta ce min tun da asuba suka tafi. Ta ce kwana uku yana yawon neman motar da za ta ɗauke su, direbobi suna ƙi saboda shingayen hanya, daga ƙarshe ya samu wata ta katako, matarsa da 'ya'yansa mata biyu suka hau saman kaya. Na tambaye ta ko ya bar saƙo. Ta ce bai bari ba. Na wuce gidan da suke haya, na tarar da ƙofa a buɗe, maigidan yana share ɗakin.

Bayan mako biyu na ɗauki sabuwar wutsiyar na tafi Eleyele ni kaɗai. Na san dokar, na taka ta ina sane. Wutsiyar ta yi kyau fiye da yadda na zata, bugu kaɗan sai ga ni a ƙasa. Ban ɗauki igiya ba, ba ƙullin da zan ƙirga. Na zauna a cikin sanyin nan fiye da yadda ya kamata. Da na juyo sama ƙirjina ya fara fizga, hasken da nake nufa ya riƙa ƙanƙancewa. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance cikin kwalekwale ina amai, wani tsohon masunci yana danna min ciki. Ya ga shigata ne daga nesa, ya matso don ya san ba mai tsaro. Ya zage ni da Yarbanci son ransa, sannan ya tambaye ni ina ogana. Na ce ya tafi. Ya ce to ni ma kada ya sake ganina a nan sai da mutum.

Ban sami mutum ba. Gaskiya ban nema ba. A Sabo ba wanda ya iya nutso, ni kuma ban iya buɗe baki na ce wa kowa ya zo ya tsaya min ba. Baba ya ce zai raka ni ya zauna a bakin ruwa, na ce masa a bari sai ƙasa ta lafa. Yaƙi ya ɓarke, samarin unguwa da yawa suka shiga soja, ni ba a ko dube ni ba. Baba ya rasu a shekara ta biyu ta yaƙin, bai taɓa ganina a cikin ruwa ba. Wutsiyoyin biyu suna saman rumfar ajiye kwanduna har robar ta bushe ta tsattsage, gara ta cinye katakon.

Da yaƙi ya ƙare hanya ta buɗe, yayana ya ce shi ba zai sake taka Gabas ba, sai ni na bi mota na kai goro. Na sauke kaya a kwana biyu, na ƙara kwana huɗu ina bin rumfunan masu faci a garin bakin ruwan da na ji Oga yana yawan ambata. A nan na gane ƙarancin abin da na sani game da shi. Sunan da ake kiransa da shi a Mokola na laƙabi ne, ba wanda ya san shi a can. Sunan ƙauyensu ban taɓa tambaya ba. Shekara biyu muna tare, kullum maganar ƙirjina da ƙuguna da numfashina muke yi. Ina cewa gajere ne, mai faɗin ƙirji, yana jin Hausa, ya zauna a Ibadan, ya iya nutso. Wani ya ce min a nan kowa ya iya nutso. Wata mata ta ce ta san wani mai kama da haka, ta sa aka kai ni har gidansa a kwalekwale, na tarar ba shi ba ne. Mutumin ya ba ni kujera, ya saurari labarin duka, ya ce mutane da yawa da suka taho ta hanyar nan a wancan lokacin sun iso, da yawa kuma ba su iso ba, shi ba zai iya ce min komai ba.

A rana ta bakwai direbanmu ya ce ya gama lodin manja, ba zai ƙara kwana ba. Na bar kwatancen gidanmu a wurin masu faci uku, na ce in an ga mai irin wannan kama a ce masa gurgun Sabo yana nemansa. Yaran mota suka ɗaga ni na hau gaba, muka kamo hanyar Ibadan. Ba wanda ya taɓa zuwa.